Gashin Bakin Turing da Rigar Sinyora

Ƙanena Turing, idan ka ce masa an kama kifi mai ƙafa huɗu a Iloilo, zai ce ai shi ya taɓa kiwon irinsa, nasa ma biyar gare shi. Haka yake tun yana yawo ba wando. Ni na goya shi, ni na san shi. Yanzu shekararsa arba'in da uku, yana jan adaidaita tsakanin kasuwa da unguwarmu ta Santol a tsibirin Negros, yana da gashin baki da yake shafa wa man kwakwa safe da yamma, kuma har gobe bakinsa ya fi injin babur ɗinsa ƙara.

Gida ɗaya muke. Shagona ne a gaba, ɗakinsa a baya, shi da 'yarsa Ningning mai shekara tara. Uwarta Soling tana aikatau a Hong Kong. Da ranar haihuwar yarinyar ta matso, uwar ta tambaye ta a waya me take so. 'Ya'yan mutane takalmi suke cewa, ko 'yar tsana. Tamu ta ce tarantula.

Aka kawo ta daga birnin Bacolod cikin akwatin gilashi. Gizo-gizo ne fa, amma girman tafin hannuna, gashi buzu-buzu har ƙafa, kamar an aurar da ƙaguwa ga burushin wanke tukunya. Mace ce. Ningning ta raɗa mata suna Sinyora. Matar da ta sayar ta haɗo da takarda ɗaya, yarinyar ta haddace ta kamar addu'ar barci: gyare ɗaya a mako, ruwa a murfin kwalba, kada a ɗauke ta a hannu, don in ta faɗo ko daga kan tebur ne cikinta zai fashe. In kuma aka ga ta kwanta rigingine, kada wanda ya taɓa ta.

"Papa, karanta," in ji Ningning.

"Ni?" Turing ya murza gashin baki. "Ni zan karanta takarda a kan gizo-gizo? Tambayi Tiya, gwaggonki, wane ne Turing a zamanin karawar gizo-gizo."

Na ce, "Na sani mana. Kai ne wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro wajen kamun gizo-gizo, ka bar haƙorinka ɗaya a can."

"Manang, ai na kamo shi dai." Manang yake kirana, wato babbar yaya.

"Ka danne shi da gindi ya mutu."

Kowane namiji a nan ya yi wannan wasan yana yaro. A kamo gizo-gizon daji ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, a ajiye a kwalin ashana, ranar karawa a ɗora biyu a kan tsinken tsintsiyar kwakwa su haɗu a tsakiya. Wanda ya faɗo sau uku, ko aka naɗe shi da yana, ya sha kashi. Wasu sun girma sun bari. Wasu kuwa jikinsu ne kawai ya girma. Cikin waɗannan akwai Berting mai aski, wanda shagonsa ke kallon nawa. Yana da wani ɗan gizo-gizo mai jan baya, Heneral, da ya cinye na kowa a unguwa uku.

Da yamma maza suka taru a bencin shagona kamar kullum, suna shan kofi ɗaya su huɗu. Berting ya ce wa Turing, da sunan da maza ke kiran aboki a nan, "Pare, na ji an kawo wa 'yarka dabba."

"Dabba? Zakara aka kawo. Heneral ɗinka in ya gan ta, fitsari zai yi a kwalin ashana."

"Girma ba faɗa ba ne, Pare. Dubi cikinka."

"To ranar bikin unguwa, a filin ƙwallon kwando, a gaban Kapitan mai unguwa. In Sinyora ta ci, ka rataya hotona a shagonka, sama da madubi."

"In Heneral ya ci fa?"

Turing ya ɗaga yatsa ya taɓa abin da ya fi so a duniya. "Ka aske wannan, a gaban jama'a."

Na leƙo ta tagar shago da ludayi a hannu. "Kai, dabbar ta ubanka ce? Ta yarinya ce!"

"Manang, maza na magana."

"Ina mazan? Ni dai bakuna huɗu nake gani a kan kofi ɗaya."

Saura mako uku biki. Washegari Turing ya fara abin da ya kira horo, kuma da yake ba ya iya ko atishawa ba 'yan kallo, sai da ya tara maƙwabta a tsakar gida.

"Abu na farko da ake koya wa gizo-gizon karawa shi ne ladabi," in ji shi. "Ka hura masa iska, ya naɗe ƙafafu ya kwanta lamo. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalin ashana ya san haka."

Wannan gaskiya ne, haka ake yi wa 'yan ƙananan namu. Ningning ta riƙe rigarsa. "Papa, takarda ta ce in ta ji haushi..."

"Takarda ba ta taɓa cin gasa ba."

Ya buɗe murfin, ya cusa fuska har kunne, ya cika kumatu, ya hura. Sinyora ta juya masa baya a natse, ta sa ƙafafun baya ta karce cikinta sau uku, wani ɗan gari-gari ya tashi.

"Kun gani? Kunya ta ji, ta juya baya. Ta san maigida ya zo."

Bai rufe baki ba ya fara sosa hanci. Daga hanci ya koma ido, daga ido ya koma wuya, sai ga shi yana tsalle a tsakar gida yana marin kansa da hannu biyu. Ashe irin nata, in an dame su, gashin cikinsu suke watsa wa mutum, ƙaiƙayinsa kuwa ya fi na ƙaiƙayin shinkafa sau goma. Rabin gashin ya maƙale a gashin bakin nan mai maiƙo. Kafin azahar fuskarsa ta zama kamar burodin da aka manta a rana, idanu sun koma tsaga biyu.

Ningning ta duba bayan takarda ta ce da salatif ake cirewa. Na ce a bar mini wannan aikin. Na manna, na fizge.

"Wayyo, Manang! A hankali!"

"Ai ladabi nake koya maka. Kwanta lamo."

Kwana uku yana jan adaidaita da gyale a fuska. Fasinja in sun leƙa sai su ce za su jira na baya. Shi kuwa yana gaya wa duk mai kunne cewa da gangan ya yi, jininsa yake saba wa da dafi, haka manyan masana ke yi.

Fuska na saɓewa ya koma kan abinci. "Gyare ɗaya a mako? Wannan ai abincin 'yan zuhudu ne. Zakara sai ya ci." Ya tafi wurin masu sayar da abincin kifi ya dawo da gyare cike da jaka, ya juye su a kwandon kaji, ya rufe da faranti. Kwandon kaji! Ramukansa ɗan yatsana na shiga. Kafin ya gama wanke hannu kwandon ba kowa.

Suka shiga buhun shinkafata. Suka shiga kwalin taliya, suka shiga aljihun rigar da na shanya. Kajin unguwa suka yi ta biki har suka daina zuwa cin tsaba. Ranar Lahadi ana tsakiyar waƙa a coci, Fada limaminmu na tsaye a gaba, ɗaya ya shige wuyan rigar Doring, shugabar mawaƙa. Shekara ashirin tana neman wata murya ta sama ba ta kai ba, ranar ta wuce ta. Aka fito ta biyo shi har gida da lema.

"Turing! Fito in gaya maka wanda ya haife ka!"

"Manang Doring, ai taimakonki na yi. Har Fada ya ɗaga kai."

Duk wannan, Sinyora ko gyare ɗaya ba ta taɓa ba. Ta daina ci sam, ta koma lungu, cikinta ya yi baƙi yana sheƙi. Turing ya ce azumi take yi kamar ɗan dambe kafin a hau sikeli. Ningning ta ce a'a, saɓa za ta yi, kamar maciji. Takarda ta faɗa.

"In na ƙara jin takardar nan zan naɗe busasshen kifi da ita," in ji shi.

Sai ya shiga aikin kafinta. Tunda zakara a kwalin ashana yake zuwa fili, kuma Sinyora ba ta shiga kwalin ashana, ya ƙera mata wani da katako, girman akwatin takalmi, da aljihun da ake ja, ya rubuta SINYORAR TURING da jan fenti. Tunda kuma tsinken tsintsiya ba zai ɗauke ta ba, ya sare gora mai tsawon mutum, ya ce za a ɗora ta a kan kujeru biyu masu tsawo.

Ningning ta je ta tsaya kusa da kujerun. Sun kai mata kafaɗa. Ƙasan filin kuwa siminti ne. Ta dawo shago ta zauna a kan buhu tana hawaye.

Na same shi a bayan gida. Na yi zagin gida, na yi na Manila, na ƙara da wanda na koyo ina aikatau a Kuwait. Soling ta kira daga Hong Kong, muryarta har titi, shi kuwa ya miƙar da wayar nesa yana cewa, "Ba na jin ki, layin ba kyau." Daga ƙarshe ya ce mini, "Manang, na riga na faɗa a gaban maza. So kike in zama abin dariya? Ba za ta faɗo ba. Ni na hore ta."

Jajibirin biki da tsakar rana, Ningning ta shigo shago a guje, ta ja ni gefe. "Tiya, ta kwanta rigingine. Ta fara saɓar. In Papa ya taɓa ta yanzu mutuwa za ta yi, kuma ya ce da ya dawo cin abinci zai gwada ta a kan gora."

"Awa nawa take buƙata?"

"Huɗu, ko biyar."

Ga ƙarar babur ɗinsa a bakin layi. Ni fa ba son dabbar nan nake ba, ko kallonta na yi sai tsigar jikina ta tashi. Amma na dubi fuskar yarinyar. Na ce ta koma ɗaki ta sa sakata. Na zuba kofi, cikakken kofi na mutum ɗaya, na ɗora burodi biyu a faranti, na tare shi a benci. Sannan na faɗi maganar da ta fi kowace wuya a rayuwata.

"Turing, zauna. Ba ni labarin gizo-gizon nan naka na da, Kidlat. Na manta yadda aka yi."

Ya dube ni kamar na haukace, sannan ya zauna ya gyara gashin baki.

Jama'a, na yi wankin gidan mutum goma sha ɗaya da hannu, an cire mini haƙori ba allura, amma ban taɓa shan wuya irin ta wannan yammacin ba. Kidlat ɗin da na sani sau biyu ya yi karawa, kaza ta cinye shi. A bakin Turing ya ci bakwai a awar farko. A ta biyu sun zama saba'in, har da na ɗan wani mai gonar rake da ya zo da mota. A ta uku wani Bajafane ya roƙi a sayar masa.

"Sai ka ce me?" na tambaya, ina matse gwangwanin kifi har ya lotsa.

"Na ce masa, Turing ba ya sayar da ɗan'uwansa."

"Kai, madalla. Ƙara kofi?"

Rana ta yi sanyi sannan Ningning ta leƙo ta bayan labule ta gyaɗa kai. Na ce wa Turing ya tafi ya taya maza ɗaura tutoci a fili, ai ba wanda ya iya ɗauri kamarsa. Ya tafi da sauri.

Na shiga ɗaki na ga gizo-gizo biyu a akwatin gilashi. Ɗaya sabuwa fil, tana sheƙi, ta miƙe ƙafafu a gajiye. Ɗayar kuwa tsohuwar rigarta ce, da ƙafafu takwas da gashi da komai, ba kowa a ciki.

"Jikinta yanzu kamar awara yake, Tiya," in ji Ningning da raɗa. "Sai ta yi mako kafin ya yi ƙwari."

Ta zaro rigar da tsinken cin abinci, ta shimfiɗa a tafin hannu, ta gyara ƙafafun, ta mayar da murfin bayan, ta cusa ɗan auduga a cikin don ya taso. Adanawa za ta yi, ta nuna wa uwarta. Na dubi rigar. Na dubi akwatin katakon Turing a kan tebur. Na ce, "Miƙo nan."

Akwatin gilashin muka ɗauka mu biyu, muna tafiya kamar masu ɗauke da miya cike da kwano, muka ɓoye bayan buhunan shinkafa a shagona, muka rufa masa zane. Da Turing ya dawo na ce, "Na sa maka ita a akwatinta. Ba kai ka ce zakara duhu yake so kafin karawa ba? To kada ka dame ta."

Ƙarya ce, na sani, na kuma kai wa Fada ita ranar Asabar na nemi gafara. Turing ya ja aljihun kaɗan ya leƙa da ido ɗaya, daga nesa wannan karon. "Dubi natsuwa! Ko motsi ba ta yi." Ya ɗaga akwatin ya jijjiga hannu. "Har ta rage nauyi. Azumin ya yi aiki."

Ranar biki filin ya cika maƙil. Masu badujala a gefe, teburan taliya da gasassun kaji a jere, Kapitan da lasifika a hannu shi ne alƙali. Matarsa na zaune a gaba, an yi mata gashi tun safe an tara shi sama kamar tulu, da ƙatuwar fanka a bayanta don kada kwalliya ta narke. Berting ya zo da kwalin ashanarsa a aljihun gaba, da reza a na baya, yana nuna wa mutane.

Turing ya shigo da akwati a kafaɗa, sai da ya zagaya fili sau biyu. "Mata da masu ciwon zuciya su ja baya!"

Berting ya ɗora Heneral a bakin gora. Turing ya sa safar hannu ta masu walda, ya ja aljihu, ya tallabo Sinyora ya ɗora a ɗaya bakin. Jama'a suka ce, "Kai!" Yara suka ɓuya bayan iyayensu. Shi kansa Berting sai da ya ja da baya.

Heneral ya taho a guje. Sinyora ba ta motsa ba.

"Raini ne," in ji Turing. "Ba ta ga abokin faɗa ba."

Heneral ya iso ya taɓa ƙafarta ɗaya, ya ja baya, ya dawo ya hau kanta ya zauna.

"Pare, nawa ne ko taka ce ke barci?" in ji Berting.

"Yanzu zan tashe ta."

Ningning ta matse hannuna. Turing ya rufe idanu gam, don ya tuna abin da ya faru, ya cika kumatu har suka yi kamar za su fashe, ya hura.

Heneral ya saki zare ya yi lilo a ƙarƙashin gora. Sinyora kuwa ta tashi sama. Ta tashi kamar ganyen da iska ta ɗauka, ƙafafu takwas a baje, fankar nan ta karɓe ta ta ƙara mata sama, ta juya sau biyu a kan jama'a, kowa baki buɗe, sannan ta sauko a hankali ta zauna daram a kan tulun gashin matar Kapitan.

Ihun da matar ta yi, Doring ma sai da ta ji kishi. Ta miƙe ta ture tebur, taliya ta bi ta kan mai busa ƙaho, mai ganga ya faɗa cikin gangarsa, karnuka suka yi wa gasassun kajin rubdugu. "Cire mini! Cire mini, kai Kapitan ɗin banza!" Kapitan ya zagaya ta sau uku da lasifika kafin ya yi ta maza ya tsamo abin da yatsa biyu. Ya tsaya. Ya jijjiga. Ya ɗaga wa rana, hasken ya ratsa ta ciki. Ɗan audugar ya faɗo ƙasa.

Ya manta lasifikar na bakinsa. "Pare Turing, ai ba kowa a ciki."

Dariyar da aka yi, har daga kasuwa an ji. Heneral ya hau zarensa ya koma kan gora, ya taka ta daga wannan baki zuwa wancan shi kaɗai. Berting ya zaro reza yana wasa ta a tafin hannu.

Amma Turing bai ji dariyar ba. Ya karɓi rigar daga hannun Kapitan, fuskarsa ta yi fari. Ya ratsa mutane ya zo ya durƙusa gaban Ningning.

"'Yata, na kashe miki ita. Azumin nan ne, ya cinye ta har ba abin da ya rage. Ni na jawo. Me zan ce wa uwarki?"

Ningning ta dube ni, ta dube shi. Ta sunkuya ta ce masa a kunne, "Rigarta ce kawai, Papa. Tana shagon Tiya, lafiyarta ƙalau."

Ban taɓa ganin wanda ya zauna a kujerar aski da murna irin tasa ba. Masu badujala suka goge taliya suka busa, Berting ya shafa kumfa, ya yi ja biyu, shekara ashirin na man kwakwa suka zube a siminti. Leɓen ya fito fari sol kamar cikin kifi.

Da muka koma shago Ningning ta ɗaga zanen. Turing ya tsuguna, hannuwa a baya, baki a rufe gam don kada ko numfashi ya kai mata. Ya daɗe yana kallo, har na sallami masu sayayya biyu. Sannan ya ce, "Ina takardar nan?"

Ya karanta ta da yatsa, layi-layi. Ningning ta miƙa masa murfin kwalba ta ce daga yau aikinsa ke nan, ya cika shi da ruwa, ita za ta sa a ciki. Ban da wannan ko gilashin kada ya taɓa.

Jiya da yamma ina auna sukari na jiyo shi a benci, yana shafa wurin da gashin baki yake a da.

"Cika murfin kwalba, Pare, ba wasa ba ne. Ɗigo ɗaya ya yi yawa, ka kashe dabba. A duk tsibirin Negros mu biyu muka iya, ɗayan kuma ya rasu."